Safarar Namun Daji

Wasiƙar tana cikin hular Mashud. Kwana huɗu ke nan tana nan a ninke, tsakanin ƙyallen hula da gashin kansa. Ba ya cire hular sai zai yi alwala, a nan ma matse ta yake yi a hammata.

Wani Bature ne ya ba shi ita, dogon mutum mai aikin awon hanya da ke zaune a unguwar Kanda a Ankara, babban birnin Gana, wanda masu gadi suka laƙaba wa Mai Lofe. Landirobarsa ce ta mutu a kan titin Nima daidai lokacin da Mashud ke dawowa daga gareji. Mashud ya ɗaga murfin gaba, ya cire bututun mai ya hura da bakinsa, mota ta tashi. Baturen ya tambaye shi ko yana jin Hausa. Mashud ya ce a cikinta aka haife shi. Nan take Baturen ya ce yana da hutun wata uku, yana so ya ratsa ƙasashe shida da mota, ya ga giwa da zaki da idonsa kafin ya koma gida: Togo, Dahomey, Nijar, Najeriya, Kamaru, Cadi. An gaya masa direba mai Hausa ba ya ɓata a wannan hanya. Ya rubuta wasiƙar shaida, da sunansa da lambar gidansa a sama, ya miƙa masa. Litinin ta sama za a tashi. In takardun Mashud sun cika, shi zai riƙe sitiyari. In ba su cika ba, akwai direbobi a gari.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana Mashud sakewa. Shekara biyu yana zaman benci a gareji, ba ya taɓa mota sai direbanta ya kwanta ciwo. Ya san direbobi nawa ke kan bencin nan tare da shi, ya san yadda kunnuwansu suke.

Fasfon Gana yana da shi. An yi masa allurar shawara da ta agana, an ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa. Ya sami lasin tuƙi na ƙetare. Saura biza. Ƙasashen nan ba su daɗe da samun kansu ba, kowacce ta kafa tuta da sanda a bakin iyakarta, kowacce tana son ganin hatiminta a fasfon mutum. Na ɓangaren Faransa, ofis ɗaya ne ke bugawa a wajen Adabraka, fom ɗinsu kuwa da Faransanci ake cikewa. Mashud yakan lallaɓa ya karanta Turanci in an rubuta da manyan baƙaƙe. Faransanci ko kalma ɗaya.

Mutum ɗaya ne ke rubuta Faransanci a Nima: Malam Sulemana, mai tebur da keken rubutu a gindin darbejiya kusa da tasha. Haifaffen Damagaram ne, ya yi akawu a Lome kafin ya dawo nan. Dattijo ne mai tsabta, ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Aibinsa ɗaya a wurin Mashud: ƙanen matarsa shi ne Ziblim, Ziblim kuwa direba ne, kuma a kan benci ɗaya suke zaman jira.

Ranar Litinin da hantsi, saura mako guda a tashi, Mashud ya kai fom ɗin.

"Ɗan Abiba, yau kai ne da takardar Faransa?" in ji Malam Sulemana, yana zura ta cikin keke. "Zauna. Suna na sani. Inda aka haife ka na sani, ina nan aka yi sunanka. Da wa za ka?"

"Da wani Bature."

"Wane Bature? Ai sukan ba da wasiƙa. Kawo in gani, aikin ya fi sauƙi."

Mashud ya ji hular ta yi masa nauyi. Lambar gidan tana saman wasiƙar. In malam ya gani da safe, matarsa ta ji da rana, Ziblim ya ji da yamma.

"Bai ba ni komai ba."

Malam Sulemana ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi hular, ya mai da ido kan keke.

"To. Dalilin tafiya?"

Baturen ya faɗi kalmar ya fi sau goma, tana ma cikin wasiƙar. Safari. Mashud ya sha jin dattawan unguwa suna cewa wane ya tafi safara, wane ya dawo daga safara. A ganinsa kalma ɗaya ce, bakin Bature ne ya karkatar da ita.

"Safara," in ji shi.

"Safarar me?"

"Namun daji. Giwa, zaki, ɓauna. Duk abin da muka samu."

Yatsun malam suka tsaya.

"Giwa? Kai da Bature? Kana da izinin wannan?"

"Malam, rubuta kawai. Tambaya ya yi yawa."

"Ɗan Abiba, ba ni nake tambaya ba, takarda ce."

"Na ce safara."

Malam Sulemana ya mai da yatsunsa kan baƙaƙen. Sannan keke ya ci gaba da ƙara. Ya zare fom, ya nuna masa inda zai sa hannu.

Ranar Laraba Mashud ya koma ofis karɓar fasfo. Akwai layi har bakin titi: fatake masu goro, wata Bayarabiya da ’ya’yanta, alhazai masu shirin bin ƙasa zuwa Makka. Mai kiran suna wani Hudu ne, masinjan ofis kuma tafinta, mutumin Maraɗi mai tsagen fuska. Da ya zo kan Mashud bai miƙo fasfo ta taga kamar na kowa ba. Ya fito da kansa, ya ja shi gefe.

"Ba a buga ba."

"Hoto ne?"

"Hotonka lafiya lau. Katin allura lafiya lau. Abin da aka rubuta ne." Ya buɗe fom ɗin. An ja wa layi ɗaya jan biro sau biyu, an sa alamar tambaya a gefe. "Maigidan ofis ya karanta nan, ya kira ɗan'uwansa ya nuna masa. Sun dubi hotonka sun daɗe. In kana da gyara ka kawo sabon fom kafin sha biyun ranar Juma'a. Daga nan sai Litinin da ƙarfe tara."

Litinin da tara Landiroba ta yi nisa.

Hudu ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, aka kira shi daga ciki. Mashud bai jira ba. Ba ya bukatar a gaya masa. Abin da aka rubuta ne. Wa ya rubuta?

Bai hau mota ba, da ƙafa ya dawo, yana tafe yana jera abubuwa a ransa. Malam ya nemi wasiƙa. Malam ya dubi hula. Malam ya tsaya da bugu, sannan ya buga layi mai tsawo, alhali kalma ɗaya aka gaya masa. Me ya cusa a cikin sauran?

Yana shiga Nima ya ga Ziblim. Yana zaune a kan kujerar mai hoto, an rataya baƙin ƙyalle a bayansa, ya ɗaure fuska, mai hoto ya cusa kai cikin akwatinsa. Irin hoton da ake liƙawa a takarda. Mashud ya tsaya bayan wata motar gawayi yana kallo. Da Ziblim ya tashi ya naɗe hannun riga don ya sa hannu a aljihu, sai ga filasta a damtsensa na hagu, daidai inda ake yin allurar agana.

Mashud ya taɓa nasa damtsen.

Yayarsa Barikisu tana sayar da wake da shinkafa a bakin babban gwata. Ta zuba masa ba tare da ya roƙa ba, ta ga bai kai hannu ba.

"Wa ya mutu?"

Ya gaya mata, a gajarce.

"To ka koma ka tambayi malam mana. Bakinka ciwo yake?"

"In tambayi wanda ya yi?"

"Ka gan shi ya yi?"

"Na ga Ziblim yana hoto. Na ga allura a hannunsa."

Barikisu ta ajiye ludayi, ta zame mayafi, ta juyo masa damtsenta. Filasta.

"Ga nawa. Ni ma Cadi za ni? Masu allura sun zo kasuwa jiya, har mai gawayi sun soka. Kai dai tun kana ƙarami haka kake. In aka ba ka nama biyu sai ka ce an ɓoye na uku."

"Hoton fa?"

"Ni na sani? Wataƙila budurwa zai ba."

"Yaya, ba a ɗaure fuska a hoton budurwa."

"Da irin fuskar Ziblim, gara a ɗaure. Ci abinci."

Ya ci loma uku ya tashi.

Ranar Alhamis da safe ya tsaya a rumfar mai faci, inda yake hango darbejiya. Bai san abin da yake jira ba sai da ya gani. Wajen ƙarfe goma Ziblim ya zo da kwano a rufe, abincin da yayarsa ta aiko wa mijinta. Ya ajiye, ya zauna a benci. Ya ciro ambulan daga aljihu ya miƙa. Malam ya buɗe, ya zaro ƙananan hotuna, ya duba, ya yi dariya, ya sa takarda a keke.

Mashud bai san lokacin da ya tsallaka titi ba.

Akwai mutum biyar a benci, har da wata tsohuwa da ta zo a rubuta wa ɗanta wasiƙa zuwa Tamale. Ya dangwara fom ɗin a kan tebur, jan layin yana sama.

"Me ka rubuta a nan?"

"Ba sallama, ɗan Abiba?"

"Me ka rubuta? Ka ɓata mini takarda don ƙanen matarka ya shiga mota! Kana zaune da carbi, kana cin amana da keke!"

Ziblim ya miƙe. "Cale, aboki, wane mota? Kai ka sha wani abu ne?"

"Kai yi shiru! Hoton me ka ɗauka jiya?"

"Lasin nawa ya ƙare! Sai na nemi izini wurinka?"

Tsohuwar ta ce, "A'uzu billahi." Masu shayi suka daina motsa cokali. Malam Sulemana bai tashi ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Shekara goma sha tara ina nan gindin itacen nan," in ji shi. "Ban taɓa ƙara wa mutum kalma ba, ban taɓa rage masa ba. Abin da bakinka ya faɗa shi na rubuta. Ɗauki takardarka. Hajiya, muna ina? Kin ce a gaya masa akuyar ta haihu."

Mashud ya ɗauki fom ya tafi. Ba wanda ya bi shi da magana, wannan ya fi ci masa rai.

Yana bukatar wanda zai karanta masa layin, wanda ba dangin kowa ba. An ce masa Hudu yana zama a Sabon Zongo, bayan mahauta. Bayan la'asar ya same shi a ƙofar gida, ya tuɓe kakin ofis, yana yanke farce da reza.

"Karanta mini. Kalma kalma. Kada ka gyara."

Hudu ya karɓa, ya nisantar da takardar daga idonsa.

"Dalilin tafiya: saye da sayar da namun daji daga ƙasa zuwa ƙasa. Giwa, zaki, ɓauna, da abin da ya samu."

"Na faɗa! Saye da sayarwa! Ni ban ce haka ba!"

"Me ka ce?"

"Safara na ce."

Hudu ya ajiye reza.

"To ai ita ke nan."

"Ita ke nan me?"

"Safara. Ka sayi kaya a nan ka kai can ka sayar. Ubana safarar goro ya yi har ya mutu. Kai kuma ka je ofishin Nasara ka ce za ka yi safarar giwa a ƙasa biyar, ba izini, ba sunan kamfani. Su abin da suka gani hauren giwa ne da fatun zaki. Ka gode Allah ba su kira ɗan sanda ba."

"Baturen ne ya ce safari."

"Shi ya ce safari, kai ka ce safara. Nasu yawon kallo ne, su hau mota su je su ga dabba su ɗauki hoto su dawo. Wasali ɗaya ne tsakani, amma ɗaya hutu ne, ɗaya gidan yari." Ya yi ’yar dariya. "Ku ’yan Ankara, Hausarku a tasha kuka tsince ta. Wa ya cike maka? Bai tambaye ka ba?"

Mashud ya tuna yatsun da suka tsaya a kan keke. Kana da izinin wannan?

"Ya tambaya."

"Bai nemi wasiƙar maigidanka ba? Da ya ganta ai da bai rubuta haka ba."

Zufa ta jiƙa gefen hular Mashud.

"Kai ka cike mini sabo," in ji shi can.

"Ni karatu nake yi, rubutuna na kaza ne. Kuma an hana mu taɓa fom. In maigidan ya gane hannuna, ni da kai mu koma benci tare. Ka koma wurin wanda ya yi maka na fari. A haɗa da wasiƙar, a liƙa a baya. Ba wasiƙa, kada ma ka zo."

A hanyar gida wani tunani ya bi shi. Malam ya yi aiki da Turawa. Ba zai yiwu bai taɓa jin safari ba. Da ya ji Bature, ya ji giwa, bai gane ba? Ko ya gane ya yi shiru? Mashud ya juya wannan har ƙofar gida, bai sami inda zai ajiye shi ba.

Juma'a da sassafe ya karɓo sabon fom a Adabraka, ya dawo Nima ƙarfe tara ta wuce. Benci a cike. A ƙarshensa, da kwano a kan cinya, Ziblim.

Mashud ya yi sallama. Mutum biyu suka amsa. Malam Sulemana ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Mashud ya bi layi, ya tsaya a rana, yana jin ƙarar keke kamar a cikin haƙoransa. Goma saura aka zo kansa.

Ya durƙusa a gefen tebur.

"Malam, na yi kuskure. Bakina ne."

"Jiya a tsaye ka yi magana, kowa ya ji. Yau ƙasa-ƙasa?"

Mashud ya miƙe. Ya juya wajen benci.

"Abin da na faɗa jiya ƙarya ne. Malam bai ɓata mini takarda ba. Ni na faɗi kalmar da ban sani ba."

"Wane kalma?" in ji Ziblim.

"Ba ruwanka," in ji malam. Ya karɓi sabon fom, ya zura a keke, ya miƙo tafin hannu. "Wasiƙar."

Bai ce "in akwai" ba.

Mashud ya dubi hannun. Ya dubi Ziblim, wanda ke zaune taku uku daga tebur, wuyansa a miƙe. Lambar gidan tana sama, da manyan baƙaƙe, irin waɗanda ko Ziblim zai iya karantawa. Daga yau zuwa Litinin kwana uku ne. Kwana uku sun ishi mutum ya je Kanda ya ce shi ma yana jin Hausa, kuma ba a taɓa ja masa jan layi ba.

Agogon malam yana kan tebur. Goma da minti biyar.

Ya cire hular. Wasiƙar ta yi laushi da zufa, ta ɗauki siffar kansa. Wani a benci ya tuntsire da dariya. Malam ya warware ta a hankali don kada ta yage, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan saman, inda lambar take. Haka ya karanta, haka ya buga, da hannu ɗaya, harafi harafi. Bai ɗaga hannun ba sai da ya kifa wasiƙar ya liƙa ta a bayan fom.

"Na rubuta: direban mai yawon kallon namun daji. Ba saye, ba sayarwa, ba bindiga. Haka ne?"

"Haka ne."

"Faɗa da bakinka, su ji."

"Kallo. Ba saye, ba sayarwa."

"Sa hannu. Ka gai da Abiba. Ita ba ta yi mini komai ba."

Sha biyu saura kwata Hudu ya karɓi takardun ta taga. Sha biyu da minti goma, bayan an rufe ƙofa, ya leƙo ta gefe ya miƙo fasfo. Hatimi biyar, shuɗin tawada bai gama bushewa ba.

Ranar Litinin Mashud ya isa Kanda awa guda kafin lokacin da aka ce masa. Ya tsaya tsallaken titi ya dubi ƙofar gidan, ya dubi kwanar hagu da ta dama. Ba kowa sai maigadi yana shara. Ya tambaye shi ko wani ya zo neman Baturen a kwanakin nan, wani gajere mai faɗin fuska. Maigadi ya ce ba wanda ya zo sai mai wanki. Mashud ya tambayi kamannin mai wankin.

Suka ɗaure jarkoki da tanti a saman Landiroba. Mai Lofe ya duba fasfo, ya duba katin allura, ya miƙa masa makulli. Har suka fita gari suka kama hanyar gabas, Mashud yana duban madubi.

Da azahar suka iso iyakar Togo. Sanda a gicciye, tuta sabuwa, wani jami'i da rajista a gabansa. Ya juya fasfon Mashud, ya ga inda aka haife shi, ya dube shi, ya yi masa Hausa.

"Direba, ina zuwa da Nasara? Me za ku yi?"

Mai Lofe ya fahimci tambayar daga fuskar mutumin. Ya zare lofe daga baki, yana murmushi, ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa.

Mashud ya riga shi.

"Kallo, ranka ya daɗe. Kallo kawai."